Filin Lafiyarku: Ƙas-ƙas ɗin gadon baya, magani ne ko ƙara ce kawai?

Wasiƙun da suka taru mana a wannan wata kusan duk a kan gadon baya suka tsaya, kuma bidiyoyin da ke yawo a waya ne suka tayar da yawancinsu. Likitan ƙashi da mai gashin ƙashi, wanda ake kira kine a asibiti, su suka haɗu suka amsa. Mun taƙaita wasiƙun, mun cire sunaye kamar yadda muka saba.

Assalamu alaikum. Ina yawan gani a TikTok ana kwantar da mutum a kan wani gado, a danna masa baya ko a murɗa masa wuya, sai ka ji ƙas! ya tashi yana murna. Sun ce ƙashin da ya goce ne aka mayar. Ni tela ne, wuni nake a kan keke, kuma baya ya dame ni. Wannan aikin likita ne, ko irin na maɗoranmu ne?
*Wani tela, unguwar Zango*

Wa alaikumus salam, Malam. Sana'ar da kake gani sunanta kiroparaksi, kuma ba aikin likitan asibiti ba ce, ba ɗori ba ce. Wani mutum mai suna Daniel David Palmer ya ƙirƙiro ta a 1895 a garin Davenport na jihar Ayowa a Amurka. Shi kansa bai yi karatun likita ba. Ya ce ya danna bayan wani mai shara da ba ya ji sosai, jinsa ya dawo, daga nan ya yanke cewa kusan kowace cuta daga gocewar ƙashin baya take, wanda ke danne jijiya. Abin da ya kamata ka sani shi ne jijiyar ji ko kusa da gadon baya ba ta zuwa, daga cikin kunne take shiga ƙwaƙwalwa kai tsaye. Palmer ya buɗe makaranta a 1897, an kuma ɗaure shi a 1906 saboda yin magani babu lasisi.

Yau abin ya canza sosai. A Amurka da Kanada da Ingila sana'a ce mai rajista, Faransa ta amince da ita a dokar 2002, a Afirka ta Kudu kuma ana koyar da ita a jami'o'i biyu, ɗaya a Durban ɗaya a Johannesburg. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2005 ta ce kada karatun ya gaza awa 4,200 cikin shekara huɗu, awa 1,000 daga ciki a kan majinyata a gaban malami. Saboda haka wanda ya koya a waya, ko ya yi kwas na mako biyu ya sayi gado, ba shi ake nufi ba. Duk wanda zai sa maka hannu a baya, tambaye shi inda ya yi karatu da shekarun da ya yi, babu rashin kunya a ciki.

Sai batun ƙarar. Gadon baya ƙasusuwa 33 ne a jere: 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji, 5 a ƙugu, 5 da suka manne suka zama ƙashi ɗaya tsakanin ɗuwawu, sai 4 ƙanana a can ƙarshe. Tsakanin manyan akwai faifan guringuntsi mai laushi a tsakiya, a bayansu kuma akwai ƙananan gaɓoɓi biyu-biyu masu ruwan maiƙo a ciki. In an fizgi gaɓar da sauri, fuskokinta biyu suna ɗan rabuwa, iskar da ke narke a cikin ruwan ta taru ta yi kumfa. Ƙarar ke nan. Ita ce kake ji in ka ja yatsarka, kuma shi ya sa yatsar ba ta sake yi sai bayan kamar minti 20. Babu ƙashin da ya koma ko'ina. Ƙashin baya in ya goce da gaske, irin na haɗarin mota ko faɗowa daga kan bishiya, da wuya mai shi ya shigo da ƙafarsa, kuma danna shi yana iya shanye shi har abada.

To ba ya da amfani ke nan? Yana da shi, amma daidai gwargwado. Kusan kashi 90 cikin 100 na ciwon ƙugu ba a samun wata takamaiman cuta a bayansa, tsoka ce da gaɓa suka ƙage. A irin wannan, dannawar ƙwararre tana sassauta tsoka, ta rage zafi na ɗan lokaci, kuma bincike ya nuna amfaninta ya yi kusa da na motsa jiki ko maganin rage zafi, bai fi su ba. A ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 kan daɗaɗɗen ciwon ƙugu, an lissafa ta cikin abubuwan da za a iya yi wa majinyaci tare da motsa jiki. Ƙwararre ba ya fara dannawa sai ya yi tambayoyi, ya gwada ƙarfin ƙafafu, ya buga gwiwa da ɗan guduma ya ga ko ƙafa za ta zabura. Dannawar kuma gajera ce, ba tsalle a kan mutum ba. Mutane da yawa suna jin tsamin jiki kwana ɗaya ko biyu bayanta. In an yi zama huɗu zuwa shida babu sauƙi, a daina, kuma ka yi hattara da wanda zai sayar maka da zama talatin tun ranar farko.

Kai dai naka, gyaran zama ya fi maka komai. Kujerarka ta kasance gwiwa da ƙugu suna kusan daidai, ka matso da keken kusa da cikinka don kada ka riƙa miƙa wuya, ka naɗe tawul ka sa a ramin ƙugu. Duk minti 30 zuwa 40 ka miƙe, ka dafa ƙugu da hannu biyu, ka ɗan gantsare baya sau biyar. Lokacin ɗinkin salla da ake kwana a shago ne aka fi karya wannan doka, kuma a lokacin ne aka fi buƙatarta.

Ɗana da ke waje ya turo mini bidiyo ana cewa duk cututtukan ciki daga dannewar jijiyar baya suke, in an gyara baya hawan jini da suga suna tafiya. Ina da duka biyun, shekara takwas ina shan ƙwayoyi, na gaji. In na samu mai yi, zan iya ajiye maganin?
*Wata Hajiya, Sabon Gari*

Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. Kada ki ajiye ko ƙwaya ɗaya.

Abin da ya sa wannan magana take shiga kunne shi ne rabinta gaskiya ce. Jijiyoyin saƙo, waɗanda ba na jini ba, su ke tafiyar da jiki. Ƙwaƙwalwa ce uwa. Daga ita laka ta sauko ta cikin ramin ƙashin baya, tsawonta kamar santimita 45, ta tsaya wajen ƙashin ƙugu na farko ko na biyu. Jijiyoyi 31 suna fita daga lakar ta dama, 31 ta hagu, wasu 12-12 kuma daga ƙwaƙwalwa suke fita kai tsaye. Wasu suna kai umarni ga tsoka, wasu suna kawo labarin zafi da sanyi da taɓi. Akwai kuma rukunin da ke aiki ba da saninki ba, kuma shi kansa kashi biyu ne: ɗaya yana zaburar da jiki in an firgita, zuciya ta yi sauri, jijiyoyin jini su tsuke, hanta ta saki suga, ɗayan yana kwantar da shi, ya tafiyar da narkewar abinci.

Masu tallar suna kwatanta jijiya da tiyon ruwa da aka taka, wai in an ɗaga ƙafa ruwa zai wuce. A nan suka kauce. Babbar jijiyar da ke lafar da bugun zuciya, take kuma kula da tumbi da yawancin hanji, ita ce ta 10 cikin na ƙwaƙwalwa. Ta ƙasan ƙoƙon kai take fita, ta bi gefen wuya ta shiga ƙirji da ciki, ba ta ratsa ƙashin baya ko sau ɗaya. Wanda aka yi wa dashen ƙoda, an yanke duk jijiyoyin saƙon ƙodar, amma tana tace jini tana yin fitsari. Zuciyar da aka dasa ma haka, tana da nata wurin tayar da bugu. Ita jijiyar da aka danne da gaske ba ta ɓoye kanta: zafi ne mai tafiya a hannu ko ƙafa, ko mutuwar fata, ko raunin tsoka, a daidai inda jijiyar take zuwa. Ko hukumar da ke kula da masu wannan sana'a a Birtaniya ta faɗa a 2010 cewa babu binciken da ya tabbatar da wannan gocewa da ake faɗa tana haddasa cuta.

A wajenki ma lamarin juyawa ya yi, cututtukan ne ke barazana ga jijiyoyin. Suga in ya daɗe a sama yana lalata ƙananan jijiyoyi, yana farawa daga yatsun ƙafa biyu lokaci ɗaya: zafi kamar barkono da dare, ko jin kamar an sa safa. In ji ya tafi, ƙaya ko ƙusa ta shiga ba a sani ba, miki ya ruɓe. Don haka ki duba tafin ƙafarki da tsakanin yatsu kullum, kada ki taka ƙasa babu takalmi ko a tsakar gida, balle da rana a watan Afrilu, kuma ki gwada ruwan zafi da gwiwar hannu kafin ki tsoma ƙafa. In metformin kike sha shekaru, ki ce a duba miki bitamin B12, don yana rage shi, kuma ƙarancinsa ma yana kashe jijiya. Hawan jini kuwa, ƙwaƙwalwar yake nema: ya fasa jijiyar jini ko ya toshe ta, ɓarin jiki ya shanye. Wanda ya ajiye magani saboda ba ya jin komai shi ya fi shiga wannan haɗari, don hawan jini ba ya sallama. Awon ya zauna ƙasa da 140 bisa 90. Gishiri kada ya wuce giram 5 a yini, wato ƙaramin cokali ɗaya, kuma a lissafa har da dunƙulen miya da kanwa.

Inda za ki taimaki jijiyoyinki da gaske shi ne barci na awa 7 zuwa 8, da tafiyar ƙafa ta minti 30 bayan asuba ko bayan la'asar, da rage ɗora wa rai damuwa, domin jikin da kullum yake a firgice jininsa da sugansa ba sa sauka yadda ake so. In yawan ƙwayoyin ne ya gundure ki, ki faɗa wa likitanki, akwai waɗanda aka haɗa biyu a ƙwaya ɗaya.

Kabu-kabu nake yi. Mako uku ke nan na ɗaga buhu zan ɗora wa wata a kasuwar Dole, na ji wani abu ya tsinke a ƙuguna. Yanzu zafi yana fita daga ɗuwawun hagu ya bi bayan cinya har babbar yatsa, kamar wutar lantarki, in na yi atishawa kamar in mutu. Abokai sun ce in je a ja ni a danna. Tiramol ne ke riƙe da ni.
*Wani matashi, Garin Malam*

Sannu, ɗan'uwa. Bayaninka ya yi kama da faifan ƙugu da ya tsage, laushin cikinsa ya leƙo ya taɓa saiwar jijiya. Yawanci a faifai biyu na ƙarshe abin yake faruwa, kuma saiwoyin wajen su ke haɗuwa su zama babbar jijiyar bayan cinya, wadda ta fi kowace kauri a jiki. Zafin ba dannewa kaɗai ke kawo shi ba, ruwan faifan yana ƙona jijiyar ta kumbura. Atishawa da tari da yunƙurin bayan gida suna ƙara matsi a wajen, shi ya sa kake jin su har yatsa.

Gwada kanka a gida. Kwanta rigingine, wani ya ɗaga maka ƙafar a miƙe a hankali: in zafin ya harba ƙasa da gwiwa tun ƙafar ba ta yi nisa ba, jijiyar ce. Sannan ka yi taku goma a kan dundunniya, goma a kan yatsu. In gaban ƙafar yana faɗuwa, ko silifa yana zame maka ba ka sani ba, rauni ya shiga, ka ga likita cikin kwanakin nan. Akwai kuma alamun da ba a kwana da su. A ƙasan inda laka ta ƙare, jijiyoyi suna sauka a dunƙule, ana kiransu wutsiyar doki, su ke riƙe da mafitsara da dubura. In fitsari ya ƙi fita ko yana zuba ba ka sani ba, ko ba ka jin ruwa lokacin tsarki, ko ƙafa biyu suka yi nauyi tare, ka nufi babban asibitin Damagaram a wannan sa'a, ko da tsakar dare ne. Tiyata ake buƙata cikin kwana ɗaya ko biyu, in aka makara fitsarin da ƙarfin namiji ba lalle su dawo ba.

In babu ko ɗaya cikin waɗannan, labarin mai daɗi ne: mafi yawan masu irin ciwonka suna samun sauƙi cikin mako 6 zuwa 12 ba tare da tiyata ba, don jiki da kansa yake tsotse abin da ya leƙo. Hannu ba ya mayar da faifai ciki, ja da igiya ma haka, kuma a makonnin nan da jijiyar ke kumbure ba mu ba ka shawarar a murɗa ka ba. Kwanciya kada ta wuce kwana ɗaya ko biyu. Yi tafiya ta minti 10 zuwa 15 sau uku a yini. Kwanta rub da ciki a kan tabarma minti biyu ko uku, in ka jure sai ka ɗago a kan gwiwar hannu, daga baya ka riƙa tura ƙirji sama da tafin hannu ƙugu yana ƙasa, sau goma. Ma'aunin shi ne inda zafin ya nufa: in yana janyewa daga ƙafa yana komawa ƙugu, ci gaba, ko da ƙugun ya ɗan ƙara ciwo, in yana ƙara gangarowa, tsaya. Salla kuwa, ka yi ruku'u da sujada gwargwadon iyawarka, addini ya yi sauƙi a nan.

Farasitamol giram 1 har sau uku a yini. Ibuprofen miligiram 400 sau uku bayan cin abinci, kada ya wuce mako ɗaya zuwa kwana goma, kuma ban da mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda da mai juna biyu. Kada a haɗa shi da diclofenac, dangi ɗaya ne, haɗin yana fasa tumbi. Tiramol da ake saya a tebur kuwa, ɓoye maka zafin yake kana ci gaba da dukan faifan a kan babur, ga kamu, ga farfaɗiya in ya yi yawa. In ka riga ka saba da shi kullum, kada ka yanke rana ɗaya, a rage maka a hankali a asibiti.

Ba sai ka yi gaggawar ɗaukar hoto ba. Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna faifai ko jijiya, sai IRM, wato hoton cikin jiki da na'ura mai maganaɗisu ke ɗauka, kuma ko shi ana ajiye shi ne ga wanda ake tunanin yi wa aiki. Cikin ƴan shekara 20 da ba sa jin ciwon komai, kusan 30 cikin 100 in aka ɗauke su za a ga faifansu ya ɗan bunƙuso. In za ka koma aiki, fara da rabin yini, gyara sifirin babur, cire walat daga aljihun baya, ka riƙa sauka duk awa. Buhu kuma a durƙusa a rungume shi a jikin ciki, a juya da ƙafa, kada a murɗa ƙugu da kaya a hannu.

Mahaifinmu makiyayi ne. Wata huɗu yana ciwon tsakiyar baya, da dare ya fi tsanani, yana zufa, ya rame, yanzu wani ƙashi ya turo a bayansa. An yi ƙaho, maɗori ya danna sau biyu. Mu nemo mai gyaran baya na zamani?
*Daga Tanut*

A'a. Kada kowa ya sake danna wajen, na gargajiya ko na zamani. Ku kawo Baba asibiti a wannan mako, a kwance in zai yiwu, ba a bayan babur ba.

Ciwon tsoka yana lafawa in an kwanta. Wanda ke tayar da mutum daga barci, ga zazzaɓi da rama, daga cikin ƙashin yake. Farkon abin da muke zargi shi ne tarin fuka na ƙashin baya, wanda wani likitan Ingila, Percivall Pott, ya bayyana tun 1779. Ba dole mai shi ya yi tari ba. Ƙwayar cutar tana cinye gaban ƙasusuwa biyu da ke maƙwabtaka, su rufta, bayansu ya turo waje, shi ne ƙusumbin da kuke gani. Mugunya tana taruwa kusa da laka, kuma dannawa ɗaya tana iya ƙarasa abin da cutar ta fara. Maganinsa ƙwayoyi huɗu ne a wata biyun farko, sannan biyu, na ƙashi yakan kai wata 9 zuwa 12. Ɗaya daga cikinsu yana mayar da fitsari ja-ja, kada ku tsorata ku daina. In an fara da wuri, har waɗanda ƙafarsu ta soma rauni sukan miƙe.

Da yake makiyayi ne, ku ce a duba masa har da burusela, cutar da ke sa dabba ɓari. Ana ɗaukarta ta ɗanyar madara, da cukun da aka yi da madarar da ba a tafasa ba, da kama mahaifar dabba da hannu tsirara. Ita ma tana zama a ƙashin baya, kuma maganinta daban ne, na watanni. Dattijo kuma akan duba mafitsararsa, don kansar ƙullin da ke ƙarƙashinta tana yawan hawa ƙashin baya.

Tunda muna kai: tsohuwar da tsawonta ya ragu ta ranƙwafa, da wadda ta daɗe tana shan dexamethasone don ta yi ƙiba, da mai sikila, da mai shan maganin tsinka jini, da wanda ya yi haɗari kwanan nan, duk ba a danna musu baya.

Mai askina in ya gama yakan kama kaina ya murɗa dama da hagu, wuya ya yi ƙara. Ina jin daɗinsa. Akwai matsala?
*Wani ɗalibi, Jami'ar André Salifou*

Akwai. Jijiyoyin jini biyu suna hawa ta cikin ƴan ramuka a gefen ƙasusuwan wuya, su yi kwana a kan na farko, su shiga kai su shayar da bayan ƙwaƙwalwa. Rabin juyawar wuya a tsakanin ƙashi na farko da na biyu take, daidai wannan kwana. Fizga tana iya yaga fatar cikin jijiyar, gudan jini ya taru, bayan awoyi ko kwanaki ya ɓalle ya toshe hanya. Ba kasafai yake faruwa ba, amma matasa lafiyayyu yake kayarwa, kuma ribar da kake samu a madadinsa daɗin minti biyar ne. Ciwon ƙeya mai tsanani irin wanda ba a taɓa ji ba, jiri, gani biyu-biyu, harshe ya yi nauyi, tangaɗi: duk wanda ya ji waɗannan bayan an taɓa masa wuya, asibiti nan take. Ka ce wa mai askin ya tsaya a tausar kafaɗa.

Wuyan da aka tashi da shi a ƙage, tsumma mai ɗumi na minti 15 zuwa 20 da juyawa a hankali sun isa, yakan saki cikin mako. Amma wuya ya sandare ga zazzaɓi da ciwon kai da amai, musamman daga hunturu zuwa bazara, sanƙarau ne har sai an tabbatar ba shi ba. Tsakanin Nuwamban 2022 da ƙarshen Janairun 2023 an ƙirga mutum 559 da suka kamu a jihar Damagaram, 18 suka rasu. Irin wannan wuya allura yake so cikin awoyi.

Ni kan sa jikana ya hau bayana ya tattaka. Jaririyar gidanmu kuma tana yawan kuka, an ce a miƙe mata baya.
*Wata kaka, Birni*

Inna, yaro ɗan shekara uku ko huɗu a kan naman baya na lafiyayyen babba, da wuya ya yi lahani. A shekarunki kuwa ƙashi ya yi sauƙin karyewa, haƙarƙari ma haka, gara ya matsa miki da hannu. Jaririya kuwa kada a fizge ta, kada a murɗa ta, yawancin bayanta guringuntsi ne tukuna. Kukan ciki yakan yi ƙamari wajen mako shida, ya lafa da kansa a wata uku zuwa huɗu. In da zazzaɓi, ko ta ƙi nono, ko maɗigarta ta kumbura, a kai ta asibiti.

Ɗana ɗan shekara huɗu ya yi zazzaɓi, wani mai shagon magani ya yi masa allura a ɗuwawu. Ya tsala ihu, tun ranar yake jan ƙafar, gabanta yana lilo. Kwana goma ke nan. An ce ƙugunsa ne ya goce.
*Wata uwa, Mirya*

Ƴar'uwa, sannu da jinya. Ƙugunsa bai goce ba, kuma danna baya ba zai kai ga inda ciwon yake ba. Alama ta nuna allurar ta samu babbar jijiyar bayan cinya, ko maganin ya zuba a jikinta. Kinin ya yi ƙaurin suna a wannan. Shi ya sa ake raba ɗuwawu gida huɗu a yi allura a na sama ta waje, ƙananan yara kuma a gefen cinya ta gaba.

Ki kai shi asibitin gundumarku gobe, saboda dalili biyu. Na farko, duk yaron da bai kai shekara 15 ba da ƙafarsa ta saki farat ɗaya, ana ɗaukar kashinsa sau biyu, tsakaninsu aƙalla awa 24, cikin kwana 14 da farawa, don a tabbatar ba shan inna ba ce. Kwana huɗu suka rage miki. Na biyu, a haɗa ku da kine tun yanzu. Jijiyar da ta ji rauni tana tohowa kamar milimita 1 a yini, wato wajen santimita 3 a wata, don haka maganar watanni ake yi. Aikinki a wannan tsakani shi ne kada ƙafar ta ƙage kafin jijiyar ta iso. Riƙe dundunniyarsa a tafin hannunki, tura tafin ƙafar sama a hankali, ki riƙe daƙiƙa 20 zuwa 30, sau goma, safe da rana da dare. A yi masa takalmin roba ko filasta mai riƙe ƙafar a tsaye kamar yana taka ƙasa, ya kwana da shi. Kada a gasa ƙafar da garwashi ko ruwan zafi, kada a yi mata sakiya, don ba ya jin ƙuna a wajen, kuma ki duba ta kowace yamma ko takalmin ya goge fata. In wata uku suka cika babu ko motsin yatsa, ki nemi a tura ku wajen likitan tiyatar jijiya, don gyaran ya fi kamawa a watannin farko.